Tarihin Sassabe a Ƙasar Madarunfa

Wanda ya baro birnin Maraɗi ya yi kudu, ya bi kwarin Gulbi tafiyar kimanin kilomita 25, zai iske Madarunfa zaune a bakin tafkinta, garin da sunansa ya yi nisa saboda ruwan nan da masunta ke ci da shi rani da damina, da kuma kaburburan waliyyai 99 waɗanda mutanen ƙasar suka gada daga iyaye da kakanni cewa suna kwance a kewayen tafkin, har masu ziyara kan taso daga nesa don neman tabarruki. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunan tafkin da gandun dajinsa da kaburburan, cikin jerin wuraren da take fatan a lissafa su a kayan gadon duniya. To, amma matafiyi mai lura, tun kafin ya kai bakin ruwa idonsa zai faɗa kan wani abu da ya cancanci a rubuta tarihinsa, wato itatuwan da ke tsaye warwatse a tsakiyar gonakin gero, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya, waɗanda babu wanda ya dasa su, babu wanda ya taɓa ɗauko musu ruwa a tulu, kuma da yawa daga cikinsu ba su kai shekara 40 a duniya ba. Akwai lokacin da gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal, mutum ya hango ƙauye daga wani ƙauye. Yadda aka kai ga wancan hali, da yadda aka fito daga cikinsa, labari ne na al'ada guda wadda ta mutu, wata ta maye gurbinta, sannan aka sake raya ta farkon da ƙyar da jiɓin goshi.

A ƙarni na 19 dajin wannan yanki tsoro ne ya tsare shi. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina a 1807, aka naɗa Ummarun Dallaje, zuriyar tsoffin sarakuna suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka gina Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836; daga nan sai ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ta zama hanyar mahara, waɗannan su kai hari kudu, waɗancan su rama, ta yadda talaka ba ya yarda ya yi nisa da ganuwa ko da kwarin Gulbi, inda duhuwar itatuwa ke ba shi mafaka. Saboda haka daji ya yi yawa, mutane suka yi kaɗan, manomi kuwa ya yi ta sassabe irin na masu yalwa: ya sare wani yanki, ya ƙone, ya noma shi 'yan shekaru, in ya ga ƙasa ta fara gajiya ya bar ta saura, ya matsa gaba. Kututturan da ya bari a baya sukan yi toho, Fulani su sauka da shanunsu su zuba taki, kafin ya waiwayo gonar ta mayar da ƙarfinta. Ko a gonar da ake nomawa ba a share komai da komai ba, domin akwai itatuwan da gatari ke jin kunyarsu, kamar kuka da tsamiya da gawo. A Damagaram ma har yau ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Manomin wancan zamani yana da burin da ya sa a gaba, kuma kowa a garin ya san shi: ya cika rumbu, ya aurar da 'ya'ya, ya fita kunyar baƙo, in kuwa Allah ya ɗaukaka shi ya tara dami 1,000 a damina guda, a yi masa bikin dubu, a kira shi sarkin noma. Babu mai kai wa ga dubu da aikin shekara ɗaya. Sai wanda ya san hutun gona, ya san amanar makiyayi, ya san abin da za a sare da abin da za a bari, ya kuma dawwama a kan haka har gashin kansa ya fara furfura.

Zuwan Turawa ya sauya wannan lissafi gaba ɗaya. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, hare-hare suka ƙare, mutane suka fantsama cikin dajin da a da ba a shiga, suka kafa tunga da ƙauyuka. Haraji ya koma na kuɗi, kuɗi kuma ba ya samuwa sai da gyaɗa, wadda kamfanonin Turawa ke saye a Maraɗi, daga baya kamfanin gwamnati na SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya karɓi cinikin. Gyaɗa ta yi wa alhazan Maraɗi arziki, wannan ba a musunsa, amma ta ci ƙasa, jama'a kuma na ƙaruwa kowace shekara, har saura ta gajarta, daga baya ta ɓace a wurare da yawa, aka shiga noma gona ɗaya damina bayan damina ba hutu. Masanin nan Bafaranshe, Claude Raynaut, wanda ya zauna a Sumarana cikin kwarin Gulbi yana nazarin rayuwar manoma, ya shafe shekaru yana rubutu a kan wannan ƙuncin ƙasa da ya riski jihar Maraɗi.

Sai dai a ganina gyaɗa da yawan jama'a ba su isa su bayyana dalilin da ya sa aka bi kututture ana tonewa ba, alhali ba ya cin gero. Asalin cutar na cikin doka da kuma abin da aka koya wa mutane su ji kunyarsa. A 1935 Faransa ta kafa dokar gandun daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki, wadda ta mayar da daji mallakar hukuma, ta kuma ware wasu itatuwa da ba a taɓawa sai da izini, ko da a gonar mutum suke; bayan samun mulkin kai dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta. Niyyar masu dokar kiyaye itace ce, amma natijarta ta zama akasin haka, domin manomin da ya san cewa in tsiron nan ya girma ba nasa ba ne, in ya yanke reshensa don gyaran rumbu ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara, in wani ya sare da dare kuma shi za a tuhuma, to hankali zai ba shi ya kashe tsiron tun yana ƙarami, ya huta da fitina. A lokaci guda malaman gona na koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share fes, don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe, a yi shuka a layi. Da tsoron tara ya haɗu da kunyar a kira mutum rago, sai aka haifi sabuwar ɗabi'a, wadda cikin shekaru kaɗan ta yi ƙarfi har aka ɗauka gadon kakanni ce: duk bazara a bi gona da gatari da adda, a sare duk abin da ya yi toho, a tara a cinna wuta.

Abin da ya biyo baya tsofaffin Safo da Gabi da Ɗan Isa da Jiratawa ba su bukatar a faɗa musu. Iskar farkon damina takan taso ba abin da zai tare ta, ta binne tsiron gero da yashi ko ta yanke shi, manomi ya sake shuka, wani lokaci ya kuma sakewa, har iri ya ƙare damina ta yi nisa. Mata suka shiga tafiya mai nisa neman kirare, inda babu kuma a ƙona kara da kashin shanu, waɗanda su ne ya kamata su koma ƙasa su zama taki. Fari na 1973 da 1974 ya zo ya iske ƙasa tsirara.

Hukuma ba ta yi barci ba, kuma adalci ne a faɗi haka. An mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ranar dashen itace; aka buɗe wuraren renon tsirrai, aka raba dogon yaro da turare da wasu baƙin itatuwa, ƙungiyoyin waje suka zuba dukiya; a watan Mayu na 1984 kuma, zamanin Shugaba Seyni Kountché, aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Amma akasarin abin da aka dasa bai rayu ba, domin tsiron da aka rena a leda saiwarsa gajera ce, rana ta ƙona shi, gara ta ci, akuya ta ƙarasa, kuma bayan an watse daga biki babu wanda ya ɗauke shi nasa balle ya yi masa shinge. Himmar rana guda ce, wadda ake yi da ganga da jawabi, irin wannan himma kuwa ba ta raya abin da ke bukatar a waiwaye shi kowane wata.

A cikin masu wannan wahala akwai wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta daɗe a yankin, har tana da asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, wata rana a 1983 yana ɗauke da tsirrai zuwa ƙauye, zuciyarsa ta riga ta karaya da aikin, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai idonsa ya kai kan ɗaya daga cikin 'yan ƙananan kurmin da ke ko'ina a gonaki, waɗanda yake wucewa kullum yana ɗauka ciyayi ne marasa amfani. Da ya duba ganyen da kyau sai ya gane itace ne da aka sare, kututturensa da rai, saiwarsa na nan can ƙasa inda danshi yake, yana toho duk shekara ana sake sare shi duk shekara. Dajin da ake kuka ya ɓace ashe yana kwance a ƙarƙashin gonaki, abin da ya hana shi tashi kuwa bai wuce gatarin bazara ba.

Aikin da ya biyo bayan wannan fahimta, wanda manoma ke kira sassaben zamani, sauƙinsa ne ya sa aka daɗe ana raina shi. Lokacin sharar gona manomi zai zagaya ya zaɓi kututturan da yake so su tashi, gwargwadon irin itacen da bukatarsa. A kan kowane ɗaya zai iske toho da yawa suna gasar ruwa da haske, sai ya bar mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran. Waɗanda ya bari kuma ya rage musu rassan ƙasa zuwa wajen rabin tsayinsu, da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage cuta ta shiga. Wani yakan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Tun da saiwar tsohuwa ce mai zurfi, duk ƙarfinta sai ya koma kan 'yan rassan da aka bari, su yi girman da dashe ba ya yi. Amma sharaɗin aikin, wanda shi ne ruhinsa, komawa ce: bayan 'yan watanni sabon toho zai fito, dole a sake ragewa, baɗi ma haka, baɗin baɗaɗa ma haka, wanda kuwa ya yi sau ɗaya ya tafi zai dawo ya iske kurmin da ya bari. Ba a sayen komai, ba a jiran mota daga birni, kayan aikin su ne waɗanda ke rataye a kafaɗar kowane manomi.

Mutum goma sha wani abu ne suka fara yarda su gwada, aka yi ta yi musu dariya, ana kiransu mahaukata masu ƙazamar gona, wasu ma aka bi dare aka sare musu abin da suka rena. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen ƙasar suka laƙaba wa El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, musiba biyu a kan mutanen da rabin cinikinsu da danginsu ke ƙetaren iyaka. SIM ta shiga rabon abinci a bakin aiki a ƙauyuka kusan 100, ta sa renon kututture cikin sharuɗɗan karɓa, ta haka aka tsare itatuwa wajen 500,000 a ɗan lokaci. Da damina ta gyaru, rabon abinci ya tsaya, sai aka sare kimanin kashi biyu cikin uku na waɗannan itatuwa.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata ya yi tunani, domin a wannan sara ne hikimar labarin take. Ban ga laifin waɗanda suka sare ba: sun yi aikin ne don mudun hatsi, da mudu ya ƙare sababin aikin ya ƙare, hannu kuma ya koma ga abin da ya saba. Malamanmu sun daɗe da karantar da cewa aiki yana bin niyyarsa, wanda aka gina a kan ladan da ke zuwa daga waje yakan rushe ranar da ladan ya yanke. Abin tambaya shi ne kashi ɗayan da ya rage. Waɗanda suka bar nasu itatuwa sun bar su ne don a cikin 'yan watannin nan sun ga wani abu da idonsu: geron da ke kusa da kalgo bai binnu da yashi ba, rassan da aka rage sun shiga murhu, ganyen da ya zuba ya jawo gara ta buɗe ƙasa ruwa ya shiga, akuya ta sami abin ci a tsakiyar rani. Daga ranar da amfanin ya zama nasu, aikin ya daina zama umurnin wani, ya zama maslaharsu. A shekara ta biyu da ta uku suka fara yanke sanda guda daga kowane kututture, su yi gwafa ko ƙotar gatari ko su kai kasuwa, su bar sabon toho ya maye gurbinta. Maƙwabcin da ya yi dariya jiya ya leƙo ta kan iyaka, ya yi shiru, bazara ta gaba ya bar nasa.

Gawo ya taimaka ƙwarai wajen karya gardama, domin Allah ya halicce shi da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran itatuwa: yakan zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ke bukatar inuwa da abinci, 'ya'yansa kiwo ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, dabbobin da suka kwanta a gindinsa su bar taki, har da irinsa da suka haɗiye, wanda ke tsirowa a inda suka zubar. Duk manomi ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta fili.

Duk da haka al'adar ba za ta kafu ba da tsohon tsoro bai sassauta ba. Tun a shekarun 1980 jami'an gandun daji na Maraɗi suka fara ɗaga ƙafa ga manoman da ke renon itace a gonakinsu. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, a gundumar Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, suka yanka tara ga mai saran dare. Dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe ƙofa, a watan Yuli na 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka kuma taka ƙasa da ƙafa, sai suka ƙiyasta cewa a kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram, an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Ba na rage wa baƙon nan komai daga hakkinsa, domin ya ga abin da masu digiri suka wuce ba su gani ba, ya kuma zauna kusan shekara 20 yana bin ƙauyuka. Shi da kansa yakan ce bai ƙirƙiro komai ba. Ruwan sama ma ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, wannan rahama ce da ba hannun kowa a ciki. Amma hekta miliyan 5 ta fi ƙarfin ƙungiya, ta fi ƙarfin gwamnati, kuma akwai garuruwa da yawa, musamman wajen Damagaram, da suka koma ga renon gawo ba tare da wani ya zo ya koya musu ba. Masu aikin na haƙiƙa su ne dubban magidanta da matan da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, waɗanda kowannensu burinsa bai wuce cikar rumbunsa da wutar murhunsa ba, suka kuma gane cewa hanyar wannan buri ita ce tsayuwar minti kaɗan a gaban kowane kututture, shekara bayan shekara. Lamarin ya yi kama da na almajirin tsangaya, wanda ba ya haddace izu 60 da zaman dare ɗaya, sai da wanke allo da sake rubutu da tilawar asuba, har karatun ya zauna a ƙirji ya zama shi ke jan mai shi. Shi ya sa malaman tarbiyya suka fifita ƙaramin aiki mai dawwama a kan babba mai yankewa, suka kira wannan hali istiƙama, suka kuma lissafa raya itace cikin sadaka mai gudana.

Kada a ɗauka an gama. Birnin Maraɗi na girma, kowace safiya yana neman itacen girki, dajin Baban Rafi ne ke ɗaukar nauyin da yawa. Gonaki na ƙara tsagewa wajen rabon gado, matasa na tafiya ci-rani a daidai lokacin sassabe. Yashi na gangarowa yana cike tafkin Madarunfa. 'Yan bindigar da suka addabi bakin iyaka kuma sun hana wasu manoman Gabi da Ɗan Isa sakewa a gonakinsu na nesa. Al'adar da tsoro ya taɓa kashewa, tsoro na iya sake kashe ta. Saboda haka ina kira ga hakimai da masu gari su tsaya a kan hukuncin saran dare, ga limamai su sa maganar a huɗuba kafin faɗuwar ruwa, ga ma'aikatan gandun daji kuma su karanta wa jama'a dokar 2020 da Hausa a dandali, domin manomi ya ji da kunnensa cewa itacen nasa ne. Kai kuma magidanci, in bazara ta zo ka saɓa gatari za ka gona, ka tafi da ɗanka, ka nuna masa tohon da ake bari da wanda ake yankewa, ka ba shi addar ya yi da hannunsa.